Sallamar da Ta Ɓata wa Inusa Ƙirga

Shekara goma sha biyu Inusa ya yi yana buga mashin ɗin rubutu a wani buro, wato ofis, na gwamnati a Maraɗi, inda ake sayen gujiya da auduga daga hannun manoma. Ɗan Tsibiri ne, can aka haife shi, can ya fara lakwal, makarantar boko, kafin ya shigo birni ya yi kwaleji. Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin makaranta, ko da yake bai taɓa karantar da kowa ba. A zamanin nan duk wanda ya fito da riga a goge da bik biyu na rubutu a aljihun gaba, Mushe ne.

Matarsa Tsahara ɗiyar Malam Tanimu ce, manomin rani a Jiratawa. Tsohon bai taɓa kama sunan surukinsa ba, Mushe shi ma yake ce masa. Ran Juma'a in ya shigo kasuwa sai ya biyo ta gidan hayarsu a unguwar Zariya, ya sauke buhun zogale a zaure. Inusa ya fito ya tuɓe takalmi ya durƙusa, su gaisa kowa na kallon ƙasa, irin gaisuwar da sai an tambayi lafiyar kowa da kowa har da shanun huɗa.

Sai abubuwa suka juya. A shekarar Konferans, babban taron ƙasa na 1991, mashin ɗin Inusa ya fi yin shiru da ƙara. Kowa a buro kunnensa na jikin rediyo, ana sauraron yadda ake titsiye manya da tambayoyi a Yamai. Albashi ya koma sai an ga dama. Kafin damina ta gaba ta sauka aka sa wa buron kwaɗo, aka ce kowa ya je gida, za a neme shi.

Inusa ya yi abin da abokansa suka yi. Ya yanki katin parti, wato jam'iyya, ya bi motar parti ƙauye-ƙauye yana riƙe wa masu jawabi lasifika. Aka yi zaɓe, nasu na cikin waɗanda suka ci. Wani babba a partin da ya taɓa dafa masa kafaɗa ya ce ya kwantar da hankalinsa, shi kuwa ya koma Yamai da zama, in an buga masa tarho sai a ce yana taro. Inusa ya koma zaman fada a gindin dogon yaro, ana shan shayi ana gyara ƙasa da baki. Tsahara ce ke riƙe da gidan da kwaɗon zogalen da take yi na sayarwa. A farkon 1994 kuma aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi.

Cikin azumin shekarar nan fankarsu ta ƙone. Sabuwa ba ta sayuwa, sai wani ya kwatanta masa rumfar Gado mai naɗin wayar inji a bayan tashar mota. Ya iske kaya jibge har bakin hanya, injinan niƙa da na firij da na famfon ruwa, masu su na tsugune suna jira. A tsakiyar rumfar wani tsoho ne siriri yana juya katako da hannun dama, wayar jan ƙarfe na bin yatsunsa na hagu tana naɗuwa, leɓensa na motsi, bai kula kowa ba. Inusa ya zo da niyyar ya ajiye fanka ya wuce. Sai ga shi har aka kira azahar yana tsaye.

Ya koma gida ya iske Tsahara na tsinkar zogale.

"Na ga aiki," ya ce.

"Satin da ya wuce ma ka ga aiki. Fetur cikin kwalba."

"Ke kinka ce ba za a aje maki wuta cikin gida ga yara ba."

"Na ce. Kabu-kabu fa?"

"Da wane moto?"

"To Legas. Ran Talata Legas ce."

Ya zauna a kan turmi. "Wanga daban ne. Tun da anka karya sefa ba mai sayen sabon abu. Duk abin da ya ƙone can ake kai shi, ga mutum guda tsoho, shi kaɗai."

Ta ɗago ta dube shi, ta ga bai yi dariya ba, ta koma kan ganyenta.

Kwana uku yana bincike. Makarantar koyon sana'a yara take ɗauka masu sabuwar takarda, ba mai shekara talatin da uku da ɗiya uku ba. Hanya guda ce ta rage masa, zaman aparanti a gaban mai sana'a. Shekara uku ne, ba albashi, sai abin da maigida ya miƙo na abincin rana.

"Shekara uku," in ji Tsahara. "Fadar taka ta ci biyu. Mi ta koya maka?"

"Haɗa shayi."

"To ka ga ko ita ba ta bar ka haka nan ba. Je ka."

Bayan ƙaramar salla ya sayi goro ya tafi. Gado ya dubi goron, ya dubi rigar da aka goge.

"Mushe, fankarka ba ta ƙare ba."

"Ba fanka ta kawo ni ba, Baba Gado. Koyo nake so."

"Miƙo hannu." Ya juya tafin, ya matsa yatsun. "Hannun ga ko tsintsiya bai taɓa riƙewa ba."

"Ya buga takarda arba'in a yini ba kuskure."

"Takarda in ka yi kuskure ka yage ka sake. Nan in ka yi kuskure injin mutum ke cin wuta." Ya saki hannun. "Aparanti uku gare ni bara. Duk suna bakin titi da kwalaben fetur, in na wuce su ke saya mani goro. Kai wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina."

"In ka yi mani ɓarna wa zan kai ma ƙara, kai? Ba a koyon sana'a haka. Ni ubana ya kai ni gaban wani mutumin Togo ya ce ga amana. Ka zo da wanda zai ba ni kai."

Mahaifin Inusa ya daɗe da rasuwa. Washegari uwarsa Zainabu ta hau motar Tsibiri da sandarta, ta zo ta tsaya a bakin rumfar.

"Ga shi nan na ba ka amana. In ya yi maka taurin kai ka buge shi."

"Iya, mutumin ga ya fi ni gemu," in ji Gado.

"Gemun zaman banza ne, kada ya ba ka tsoro."

Masu jira suka kwashe da dariya, Inusa ya sunkuyar da kai. Gado ne kaɗai bai dara ba. Ya ce, "To ka ji, a gaban uwarka zan faɗi. In ka ɓata waya na yahe. In ka ƙona hannu naka ne. Abu guda ne ba na yahewa. In ƙirga ta ɓace maka, ka ce ta ɓace. Ranar da ka cika mani naɗi da ƙiyasi ka yi shiru, ranar ka bar rumfar ga."

Injin lantarki in ya ƙone, wayar da ke naɗe a cikinsa ce ta ƙone. Aikin mai naɗi shi ne ya ciro ta, ya ƙirga zagaye nawa maƙera suka yi wa kowane naɗi, ya nemo waya mai kauri ɗaya, ya naɗa sabuwa daidai da tsohuwa, ba ƙari ba ragi. Shekarar farko Inusa bai taɓa sabuwar waya ba. Tuɓe ƙonanniya kawai yake yi yana ƙirgawa, yatsunsa suka tsattsage, suka warke, suka yi kanta. Tsofaffin abokan fada sukan biyo da gangan su tsaya su ce, "Mushe, ina aiki?" Ya ce da godiya, su wuce suna ƙyaƙyatawa. Daga baya suka fara zuwa da fankokin gidajensu a hammata.

A shekara ta biyu ya koyi yanka takardar da ake shimfiɗawa a ramukan inji don kada waya ta taɓa ƙarfe, ya koyi sassaƙa katakon naɗi daidai girman kowane inji, sannan Gado ya sakar masa katakon ya fara juyawa. Zura naɗi cikin inji da haɗa bakin wayoyi kuwa Gado ya riƙe su a hannunsa, ya ce sai shekara ta uku. Inusa dai ido yake zubawa.

Gado bai yi lakwal ba, da ƙwallon tsamiya yake ƙirga. Tsibinsu na gefen hagu, gwangwanin tumatir na gefen dama. Duk zagaye goma sai ya ɗauki ƙwallo guda ya jefa a gwangwani. Inusa ya taɓa kawo bik da takarda, Gado ya ce hannun da zai riƙe bik shi ne ke riƙe da waya. Kuma a rumfar mai ƙirga ba ya amsa sallama. In ɗaya na naɗi, ɗayan ne ke amsawa a madadinsa, ya tsayar da baƙo a bakin ƙofa da hira har leɓen mai ƙirga ya daina motsi. Haka suka saba, har ba sa tunanin abin.

A ƙarshen watan Janairu na 1996, cikin azumi, a satin da sojoji suka karɓe mulki rediyo ba ya sa komai sai kiɗan soja, aka kawo inji a amalanke daga Jiratawa. Na famfon rijiyar da Malam Tanimu da manoma ashirin ke ban ruwa da ita ne. Alkama ta fara fitar da kai, ga ta kwana huɗu ba ruwa. Gado ya ture sauran ayyuka. Suka tuɓe injin suka ƙirga: naɗi goma sha biyu, kowane zagaye arba'in da shida. Ƙwallo huɗu ke nan da zagaye shida.

Washegari da hantsi aka aiko wa Gado rasuwar wani maƙwabcinsa. Ya ce wa Inusa ya ci gaba da naɗi, yanzu zai dawo. Inusa ya gama takwas ya rataye su a ƙusa, yana tsakiyar na tara, sai inuwa ta tsaya a bakin rumfar.

"Salamu alaikum."

Ya san muryar tun kafin ta kai ƙarshe. Malam Tanimu ya san surukinsa na koyon naɗi, amma bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma taɓa taka rumfar ba sai ranar. Ba Gado da zai amsa. Inusa bai yi shawara da kansa ba, jikinsa ne ya yi. Ya saki katako, ya zame daga benci ya durƙusa.

"Amin alaikumus salam. Baba, kun zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ina azumi?"

"Alhamdu lillahi. Ina su Inna?"

Aka bi ta kan Inna da yara da sanyi da gajiyar hanya da shanu da labarin ƙasa. Da aka gama, tsohon ya nemi gefen benci ya zauna, ya dubi rigar Inusa mai tabon mai, ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba.

Inusa ya koma wurinsa. Ƙwallo uku ne a gwangwani. Na huɗu na ƙasa, tsakanin tsibi da gwangwani. Bai san ko ya cika goman ta huɗu ya ɗauko shi ya faɗi daga hannunsa ba, ko kuwa gwiwarsa ce ta ture shi daga tsibi da ya zo durƙusawa. Ya san abin da ake yi: a warware a sake tun daga ɗaya. Ya kai hannu zai warware, sai tsohon ya ce a hankali, "Ashe aikin na masu hankali ne. Yi abinka, Mushe, ina kallo."

Ya ji ba zai iya warware aiki a gaban surukinsa kamar yaron da ya ɓata allo ba. Ya ɗauki ƙwallon ya jefa a gwangwani, ya ƙara zagaye shida, ya ɗaure ya rataye. A ransa ya ce in tsohon ya tashi zai sauko da shi ya ƙirga. Tsohon bai tashi ba. Gado ya dawo ya iske goma sha biyu a ƙusa, ya kwashe su gaba ɗaya ya shiga zurawa, Malam Tanimu na ba shi labarin yadda ganyen alkama ya fara nannaɗewa. Kafin la'asar sun shige cikin inji, ba mai iya cewa wanne ne na tara. Gado ya ce gobe da safe za a zuba berni, ruwan danƙon da ke riƙe waya, a gasa.

Da aka sha ruwa Inusa ya kurɓi kunu sau biyu ya ture.

"Tsamiya ta yi yawa?" in ji Tsahara.

Ya faɗa mata. Da ya zo wurin sallamar ta fara dariya, sai ta tsaya.

"In an bar shi haka, zai yi aiki?"

"Zai yi. Wataƙila ma daidai ne. In ba daidai ba ne zai yi sati ko wata yana zafi, sannan ya ƙone. A ce laifin wutar lantarki ne."

"In ka faɗi fa?"

"Ya kore ni. A gaban Baba."

Ta shiga kwashe kwanuka. "Alkamar nan dai da ita muke yin salla, ka sani. Ni ba zan ce maka komai ba. In an koro ka, zogale bai ƙare da tsinka ba, akwai wuri kusa da ni."

Da safe ya iske Malam Tanimu ya riga shi, amalanke na jira a waje. Gado ya ɗora injin a kan tire, ya buɗe gwangwanin berni. Berni in an zuba shi aka gasa, wayoyin sun zama dunƙule guda, ba sauran ƙirga sai yanka. Gado ya karkata gwangwanin.

"Maigida, dakata."

Gado ya tsaya, bai miƙe gwangwanin ba.

"Akwai naɗi guda da ƙirga ta ɓace mani. Na cika shi da ƙiyasi."

"Wanne?"

"Na tara. Ban san ramin da ya shiga ba."

Gado ya ajiye gwangwanin, ya mayar da murfi, ya danna shi da tafin hannu har ya zauna. "Yaushe?"

"Jiya da hantsi."

"Jiya da hantsi. Na dawo ka gan ni, na zura kana kallo, ka tahi gida ka kwana da shi." Bai ɗaga murya ba. "Na faɗa maka a gaban uwarka. Ɗauki takalmanka."

Inusa ya miƙe. Bai dubi inda surukinsa yake ba.

"Tsaya, Malam Gado," in ji Malam Tanimu. "Jiya da hantsi ni ke nan zaune. Mi ya ɓata masa ƙirgar?"

Gado ya dubi ɗaya, ya dubi ɗayan, ya ce, "Da ka zo ka yi sallama?"

"Na yi."

"Ya amsa?"

"Ya amsa mana. Har ƙasa."

"Kai ka shigo ma mai ƙirga da sallama?"

"To da mi zan shigo, da tari? Rumfar Musulmi ce."

"Ba ka ga bakinsa na motsi ba?"

"Na gani. Na ɗauka tasbihi yake, azumi ne." Tsohon ya gyara zama. "Kuma in gaya maka gaskiya, da bai amsa ba, da na koma Jiratawa na ce ɗiyata na auren marar kunya."

"To ga shi ka samu suruki mai kunya. Ruwa kuma sai nan da kwana biyu, in an samu. Wanne ka fi so?"

Malam Tanimu ya shafa gemu, ya dubi injin. "A ba ni ruwa. Kunyar ya kawo mani ita gida ranar salla." Ya juya wajen Gado sosai. "Amma kai ma ka duba. Da ya yi shiru, da yanzu ka zuba abin naka, na ɗora na tahi, ba ni ba kai ba wanda zai sani. Ni ban san sana'arku ba. A wurinmu dai yaron da ya zo ya ce Baba na bar kwarin ruwa a buɗe, ba shi muke kora ba."

"Ba yaro ba ne."

"Shi ya sa ya fi wuya."

Gado ya daɗe yana kallon murfin berni. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi Inusa ba, "Aje takalman. Ka zaro su duka ka ƙirga. Wanda ya kurje ka sake shi. Kai za ka zura, kai za ka haɗa baki. Ni ba zan sa hannu ba, ba kuma za ka tambaye ni ba. In munka kai shi Jiratawa na ji kukansa daidai, ka zauna. In na ji ba daidai ba, ka wuce Tsibiri daga can ka gaida Iya."

"Maigida, ban taɓa haɗa baki ba."

"Shekara biyu kana zuba mani ido. Yau za mu ga ko ido ne ko ado."

Malam Tanimu ya sallami mai amalanke, ya ce ya faɗa wa mutane su yi haƙuri su ɗebi abin da za su iya da guga. Shi kuma ya jawo benci ya datse bakin rumfar. Duk wanda ya taho da sallama sai ya tare shi tun daga nesa. "Amin alaikumus salam, yi a hankali, ana ƙirga. Ina gida? Tsaya nan." Wata mata mai injin markaɗe ta ce ita Gado ta zo gani, ya ce Gado ma yau ɗan kallo ne.

Na bakwai da Inusa ya zaro shi ne mai laifin, zagaye talatin da takwas. Ya ɗaga shi ya nuna, Gado ya ce, "Ni ka nuna mawa? Ba ni nan." Uku sun kurje wurin zarowa, ya sake su. Zurawa ta ci masa sauran yinin. Washegari ya zauna gaban bakin wayoyi ashirin da huɗu da suka fito tsaye kamar gemun masara, ya rufe ido yana tuno yatsun Gado, wanne ke bin wanne, wanne ke tsallake biyu. Sau ɗaya ya haɗa wasu biyu, ya ji Gado ya yi gyaran murya a bayansa yana gyaran wata fanka. Ya kwance ya sake dubawa. Gado ya ce wa Malam Tanimu azumin bana na busar da maƙogwaro.

A rana ta uku da la'asar suka sauke injin a bakin rijiya a Jiratawa. Manoma sun kewaye, alkamar da ke bakin kwari ta yi fari-fari a tsinin ganye. Inusa ya ɗaure injin a mazauninsa ya ja baya. Aka kunna. Gado ya durƙusa, ya dafa tsinin turnabis, abin kwance sukuru, a jikin ƙarfen, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya matsa gefe na biyu ya saurara, ya matsa na uku. Ruwa ya riga ya fito yana bin kwarin siminti, mutane sun ruga da fartanya kowa zuwa fangalinsa, shi bai ɗago ba. Ya ajiye turnabis ya ɗora tafin hannu, ya bar shi nan tsawon lokacin da mutum zai yi alwala ya yi salla. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce su tafi kada shan ruwa ya same su a hanya.

Shekara guda bayan nan aka yi fatiha aka yaye Inusa, ya kafa rumfarsa a kan hanyar Jiratawa, har ya zo ya yaye nasa. Amma in yana ba da labarin yadda ya zama mai naɗi, ba ranar yayen yake faɗa ba, tafiyar nan ce ta komawa. Suna bayan mota a kan buhunan albasa, Gado na kallon gonaki, bai ce uffan ba har suka shigo gari. Inusa bai san ko ya zauna ko ya tafi ba, ya kuma kasa tambaya.

A bakin tasha suka sauka. Gado ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin akwatin kayan aiki, wanda ke ɗaure da tsumma, ya miƙa masa.

"Gobe zan tahi Kano sayen waya, kwana biyu. Injin markaɗen matar nan, ka tuɓe ka ƙirga ka naɗa. Kada ka jira ni, ta gaji da zarya."

Inusa ya karɓa da hannu biyu. "Har berni?"

"Har berni. Kuma ka rage zuba shi kamar miya, ba kai ke saye ba."